Ranar da Na Sauya wa Albasa Allo

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da rabin abin da aka koya mini a jami'a, amma ba zan taɓa mantawa da hantsin da na tsaya a lambun Baffa riƙe da lasifika, na tona wa kaina asiri a gaban manoma wajen arba'in ba. Yau shekara biyar ke nan. Har yanzu in na shiga kasuwa na ji warin ɗanyar albasa sai kunnuwana su ɗau zafi.

Baffa yayan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina aji uku a firamare, bayan Allah ya yi wa mahaifina rasuwa. Ƙauyenmu yana bakin fadama, ba nisa da Ringim, kuma tsarin gidanmu bai taɓa sauyawa ba: damina gero da wake, rani albasa. Geron shi ne tuwo. Albasar ita ce duk sauran abubuwa, sutura da magani da cefane da hidimar biki, kuma ita ce ta kai ni jami'a a Dutse na karanci aikin gona. Wannan ku riƙe shi da kyau, domin shi ne ya sa abin da na yi ya fi muni.

Da na gama bautar ƙasa sai na samu aiki a wani shiri na tallafa wa manoman rani, ofishinmu a Dutse. Aka ba ni babur, da jaka, da hula mai baki. Wallahi ranar da na fara shiga ƙauyenmu a kan babur ɗin nan ji nake kamar ni na ƙirƙiro noma. Mutanen da suka san ni ina yawo ba wando suka koma ce mini Malamin Gona, ni kuma maimakon in ji nauyi sai na riƙa amsawa da muryar manya. (Har wani tari na koya, irin wanda shugaban sashenmu yake yi kafin ya fara magana.)

To, ga yadda Baffa yake renon irin albasarsa. Da zarar ruwa ya ɗauke sai ya gyara fangali shida a wani ɗan tudu mai yashi a gefen lambun, inda ruwa ba ya kwanciya. A nan ake yafa iri, ya yi kwana arba'in da wani abu, sannan a cire a dasa a cikin lambun. Fangali shidan nan su ne daidai abin da zai cika lambun, ba ragi ba ƙari. Amma kafin ya yafa iri akwai abin da ba ya tsallakewa. Sai ya ɗaura wa jaki mangala, ya tafi gonar geronmu, ya ɗebo ƙasa daga gindin wani tsohon gawo, da 'yan guntayen saiwoyin ciyawa da na wake a cikinta, ya zo ya barbaɗa a kowane fangali ya cuɗa da hannunsa. Tun ina yaro nake ganin haka. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce haka ya taras mahaifinsu yana yi. Ya ce sabuwar ƙasa kamar madara ce, sai an ɗiga mata ɗan tsohon nono take kamawa.

Ina yaro wannan amsar ta ishe ni. Da na dawo da digiri sai ta daina isata.

A gaskiya ina da ɗan abin kamawa. Shekarar da ta gabaci wannan maƙwabtanmu biyu sun yi asarar iri, ya fito da kyau sannan ya riƙa ruɓewa ta gindi yana kwanciya. Fumfuna ce ke kawo wannan, irin wadda ke zaune a cikin ƙasa, kuma na san maganinta. Ni a kaina lissafin a bayyane yake: fumfuna cuta ce, ƙasar da aka kwaso daga wani wuri ita ke ɗauko ta, maganin fumfuna shi ke kashe ta. Saboda haka wata ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci, muna zaune a zaure, na yi tarin nan nawa na ce, "Baffa, wannan ɗiban ƙasar da kuke yi ya kamata a bari. Cuta kuke kwasowa da kanku kuna zuba wa iri."

Ya dube ni ya ce, "To. Shekara nawa ke nan cutar ba ta iso ba?"

"Sa'a ce kawai, Baffa. Ilimi ya wuce nan yanzu."

Ban tsaya nan ba. Na ce ya ba ni fangali uku daga cikin shidan in yi irin nawa, shi ya yi nasa a ukun, idan lokacin dashe ya yi a tara manoma su gani da idonsu. Ya ɗauki carbinsa yana ja. Ya san abin da fangali uku yake nufi, rabin lambun ke nan, rabin abin da gida zai ci ya sa har wata kakar. Ni ma na sani, sai dai a lokacin ban ɗauka akwai wata hanya da zan faɗi ba. Can ya ce, "Ai don ka zo ka gyara mana muka tura ka. Ɗauki na gabas."

Na sayo magani a Dutse, irin garin nan da ake damawa a ruwa, mai shiga jikin shuka. Na cuɗa iri da shi. Na jiƙa ƙasar fangalina uku da shi tun kafin in yafa iri. Da ya tsiro na sake jiƙawa, bayan mako guda na ƙara, bayan wani makon na kuma ƙarawa. A jikin takardar an rubuta awon da za a zuba, ni kuwa na ninka shi, wai don in tabbatar. (Idan kun taɓa ganin mutumin da likita ya ce ya sha ƙwaya ɗaya ya sha biyu don ya fi saurin warkewa, to kun gan ni.) Ko ƙwayar ƙasar gawo ban bari ta faɗa ɓangarena ba. Har kara na gitta a tsakani.

Sannan na je wajen mai rubutun allo a Dutse na sa ya yi mini alluna biyu masu ƙafa. Ɗaya da koren fenti, HANYAR ZAMANI. Ɗaya da ja, HANYAR DA. Na kafa su tun iri bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Na rubuta wa ofis takarda aka sa ranar taro. Na aika wa Sarkin Noma na yankinmu, shi kuma ya sanar da ƙauyuka huɗu. Abin da ya fi duka, na je har jami'a na gayyato Dakta Hajara, malamar da ta koya mana ilimin ƙasa, mace mai tsare gida wadda ba ta taɓa ba ni maki mai kyau ba. Ina so ta ga abin da ɗalibin nan da take yi wa kallon malalaci ya zama.

Mako biyun farko ina kan gaba, ko kuma haka na gani. Nawa ya fito reras, ko ɗaya bai kwanta ba. Na Baffa ya ɗan yi giɓi nan da can. Ina zuwa duk Asabar in tsaya in riƙe ƙugu ina ɗaukar hoto da waya.

A mako na huɗu abin ya fara juyawa. Na Baffa ya miƙe, ya yi kore shar, ganyen ya yi kauri. Nawa kuwa ya tsaya cak. Bai mutu ba, amma kuma ba ya gaba. Siriri kamar tsintsiya, koɗaɗɗe, bakin ganyen yana bushewa. Na ce yunwa ce, na watsa masa takin yuriya. Ya ɗan yi kore na kwana uku ya koma yadda yake. Na ce ko ruwa ne, na ƙara ruwa. Na ciro ɗaya na duba saiwar, fara tas, ba ruɓa ba tsutsa, har na nuna wa Baffa na ce, "Kun gani? Lafiyarsa ƙalau, lokaci kawai yake jira." Baffa ya karɓa ya jujjuya ya miƙo mini, ya ce Allah ya sa.

Ranar taro ta zo nawa bai kai rabin nasa ba.

Na kwana a gida. Bayan sallar asuba, gari ya fara wayewa, na ce bari in je in share wurin da baƙi za su tsaya. Na isa na taras da allunan nan biyu suna kallona. Koren allo a kan tsintsiya, jan allo a kan iri mai kyan da ban taɓa ganin irinsa ba. Ina so in ce muku na daɗe ina kokawa da zuciyata, amma ƙarya nake in na faɗi haka. Ban fi minti biyu ba. Na waiga gabas na waiga yamma, na tumɓuke su na musanya, har na tattake ramukan da ƙafa don kada a ga sabuwar ƙasa. Abin da na gaya wa kaina shi ne, yau ɗaya ce, baƙin daga wasu ƙauyuka suke, in an watse zan mayar, kuma ai ilimin gaskiya ne, wannan karon ne kawai aka samu akasi.

Da hantsi mutane suka taru. Sarkin Noma ya zo da babbar riga, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar mangwaro. Dakta Hajara ta sauko daga motar jami'a da takalmin roba da 'yar jakarta. Baffa ya iso daga baya, ya gaisa da jama'a, idonsa ya sauka a kan allunan. Ya kalli na kore, ya kalli na ja. Bai kalle ni ba. Ya je ya tsuguna a gefe kusa da injin ban ruwa. Maƙwabtan lambunmu biyu da suka san ainihin fangalin kowa suka dubi Baffa, da suka ga bai ce komai ba su ma suka ja bakinsu.

Na ɗauki lasifika na yi sallama na fara bayani. Da na fara sai tsoron ya tafi, bakina ya buɗe, abin da ya fi ba ni kunya ke nan in na tuna. Na tsaya a kan irin Baffa ina nuna shi da sanda, ina lissafa yadda na cuɗa iri da magani, yadda na jiƙa ƙasa sau huɗu, yadda na ninka awo. Na taka zuwa kan nawa na ce, "Wannan kuma, jama'a, shi ne sakamakon kwaso ƙasa daga gindin bishiya." Aka yi ta girgiza kai ana salati.

Dakta ta ɗaga hannu. "Malam, sau nawa ka ce ka jiƙa ƙasar?"

"Sau huɗu, ranki ya daɗe."

"Da wane magani?"

Na ciro takardar daga aljihu na miƙa mata. Ta karanta, ta ɗago ta dubi koren irin nan, ta sake duban takardar. Ta ce a kawo mata ruwa a kwano. Ta tsuguna ta sa yatsa ta ciro 'yan tsirrai daga kowane ɓangare a hankali, ta wanke saiwoyin, ta shimfiɗa su a tafin hannunta. Na ƙarƙashin jan allo fari tas. Na ƙarƙashin koren allo ƙasa ta manne musu sai da ta cuccuɗa, kuma da suka fita sai ga wani ɗan rawaya-rawaya a jikinsu.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ikon Allah. Wannan ya saɓa wa abin da na sani." Ta juyo gare ni, kuma a karo na farko tun da na san ta na ga tana kallona da girmamawa. "In dai haka ka yi kuma ka samu wannan, to akwai abin da ni zan koma in sake dubawa. Zan ɗebi saiwar nan in kai ɗakin bincike. Zan turo ɗalibaina su zo wajenka."

Kafin in amsa mata Sarkin Noma ya miƙe ya karɓi takardar maganin daga hannunta, ya ɗaga sama ya ce kowa ya kalli hoton da ke jiki da kyau, masu shirin yafa iri baɗi su nemi maganin ranar kasuwar Ringim, kuma a ninka awo kamar yadda Malamin Gona ya ce. Na ga mutane suna matsowa, wasu suna ɗaukar hoton takardar da waya. Sai ya juya wajen Baffa yana dariya, don sa'o'in juna ne, tare suka yi yarinta.

"To, Malam, yau dai ɗanka ya kayar da kai a gaban jama'a. Sai a bar jaki ya huta, a bar gawo ya huta!"

Aka fashe da dariya. Baffa yana tsugune, ya yi murmushi, ya ce, "Haka ne. Ya kayar da ni. Ai abin da ake fata ke nan."

Wannan maganar ce ta karya ni. Mutumin nan shekara arba'in yana wannan sana'a, a kan irin da ya rena da hannunsa ake yi masa dariya, kuma ya karɓa don kada a ga wallena. Na ji wata irin kunya da ban taɓa ji ba, na ji na tsani kaina da hular da ke kaina.

Amma kada ku ɗauka na yi jarumta. Niyyata ita ce in matsa kusa da Dakta in raɗa mata gaskiya, ita kuma ta san dabarar da za ta hana mutane sayen maganin ba tare da an gane ba. Wato ko a tuban ma ina neman rangwame. Na sunkuya kusa da ita na ce, "Ranki ya daɗe, allunan ne na musanya da safe. Mai kyan na Baffa ne." Na manta lasifikar tana hannuna, a kunne, dab da bakina. Maganar ta fita har masu ban ruwa a lambu na uku sai da suka ɗago kai.

Ba abin da ake ji sai kukan wata akuya can nesa. Sannan wani dattijo daga baya ya ce, "Me ya ce?" Na kusa da shi ya maimaita masa da ƙarfi, kalma bayan kalma, don kunnensa ba ya ji sosai. Haka na saurari laifina karo na biyu daga bakin wani.

Ba a yi dariya nan take ba, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Sarkin Noma ya ninke takardar maganin ya miƙo mini. Dakta ta dube ni, girmamawar nan ta minti biyar ta tafi, kallon da na saba da shi ya dawo. Ta ce, "Ba ni lasifikar." Ta je da kanta ta tumɓuke allunan ta kwantar da su a ƙasa, sannan ta sa aka matso.

Abin da ta faɗa a ranar, da Hausa mai sauƙi, ya fi duk abin da na rubuta a takardun jarrabawa zama a kaina. Ta ce fumfunar da ke cikin ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai ruɓar da iri, akwai kuma wadda take shiga cikin saiwa ta zauna lafiya da shuka. Ita wannan tana fitar da zare siriri, wanda ido ba ya gani, ya bazu cikin ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa, ya jawo wa shuka ruwa da abinci, musamman wani sinadari da ake kira fosfaras wanda ba ya tafiya cikin ƙasa sai an je an same shi. Ita kuma shukar tana ba ta ɗan zaƙin da ganye ya haɗa. Ta ɗaga tsiron albasa ta ce, "Ku dubi saiwarta, 'yar kaɗan ce, gajera, ba ta da gashi irin na gero. Albasa tana cikin shukokin da suka fi dogara da wannan abokiyar zama, balle a ƙasa mai yashi irin wannan." Ta ce rawayan da suka gani alama ce da ake yawan samu a saiwar albasar da fumfunar ta shiga, ko da yake sai an duba da madubin bincike ake tabbatarwa.

Wani ya tambaya, to maganin haramun ne ke nan? Ta ce a'a. Ta ce magani yana da ranarsa, in cuta ta bayyana a ganye a yi feshi, ɗan abin da ake shafa wa iri ma sau da yawa ba ya yin ɓarna, kuma ba duk magunguna ne suke taɓa wannan fumfunar ba. Amma irin wannan da na saya yana cikin masu yi mata illa, kuma ni ban shafa ba, ban fesa ba, wanka na yi wa ƙasar da shi har sau huɗu. "Ya kori ɓarawo," in ji ta, "ya haɗa da mai kawo abinci. Shi ya sa ba wanda ya ruɓe kuma ba wanda ya girma. Yuriyar da ya zuba ba abin da suka rasa ba ne."

Sannan ta taka har inda Baffa yake, ta rusuna ta gaishe shi, ta ce, "Baba, daga ina kuke ɗebo ƙasar?" Ya gaya mata. Ta tambaya ko daga tsohon lambun albasa yake ɗiba wani lokaci, ya ce a'a, mahaifinsu ya hana, ya ce ƙasar albasa ba ta renon albasa. Ta gyaɗa kai ta ce da daga can yake ɗiba da cutar albasar bara zai riƙa kwasowa. Ta ce ƙasar gindin gawo tana da taki, tana kuma ɗauke da irin wannan fumfuna a jikin guntayen saiwoyin nan, kuma abin da yake yi da jaki shi ne suke ƙoƙarin yi a ɗakin bincike da kwalabe. Ta roƙe shi izinin ɗibar kaɗan.

Da za ta shiga mota ta kira ni gefe. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, "A aji uku na koya muku wannan. Ka tuna?" Na tuna. Har zanen na yi a jarrabawa, saiwa da zare-zare kewaye da ita, na haddace dogon sunan na rubuta shi daidai. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in ɗauka cewa abin da ke cikin zanen yana nan a ƙasar ƙauyenmu, a cikin mangalar jakin Baffa. A kaina ilimi yana Dutse, ƙauye kuma wurin da ake kai shi ne.

Taro ya watse, ya bar mu da maganar da ta fi kunyata girma: rabin lambu ba abin dasawa. Sake yafa iri ya makara, kafin ya isa dashe ya yi kai zafi ya shigo. Da yamma na samu Baffa a zaure na durƙusa na ce, "Baffa, ku yafe mini." Ya ce ya yafe. Sai ya ƙara da cewa, "Da safen nan ina cikin gonar rogon maƙwabcinmu Malam Idi ina duba bututun ban ruwa. Na ga lokacin da kake tattake ramin."

Na ce, "Me ya sa ba ku yi magana ba?"

"Ina jira in ga ko kai za ka yi." Sannan ya ƙara da cewa, "Iri yakan lalace a hannun kowa, ni ma ya sha lalacewa a hannuna. Da ka bar allonka a kan naka ka ce jama'a ga abin da na gwada bai yi ba, da yau ka fi kowa daraja a wurin nan. To amma ka faɗa, ko da lasifika ce ta taimake ka."

Washegari ya miƙo mini kwando. A fadamarmu duk wanda ya gama dashe ya samu ragowar iri ba ya zubarwa, yana ba wanda nasa ya gaza, sai dai mai nema shi ke zuwa da ƙafarsa ya yi sallama ya roƙa. Na ce ko in tafi da babur. Ya ce a ƙasa ake zuwa.

Kwana huɗu ina bin lambuna, har na ƙauyukan da na tara don in koya musu noma. Ba wanda ya hana ni, kuma ba wanda ya bar ni na tafi salin-alin. Wani ya ce in tsaya ya kira matarsa ta ga Malamin Gona da kwando. Wani ya cika mini hannu biyu sannan ya ce, "Ka dai dasa shi yadda yake, kada ka yi masa wanka." Sarkin Noma ya ba ni fiye da kowa, bai yi mini ba'a ko ɗaya ba, wannan kuma ya fi ba'ar ciwo. Da abin da na samo da 'yan masu dama-dama da muka tsinta a nawa, muka rufe mafi yawan wurin. Wani yanki ta bakin rafi, kamar faɗin tsakar gidanmu sau biyu, ya rage ba komai.

Na ce a sa masa ko da alayyafo ne, ko latas, don kada ya zauna haka. Baffa ya ce a bar shi ya huta. Ban sani ba ko don ƙasar ya faɗa ko don ni. Duk ranin nan in na zo ban ruwa sai na ratsa ta wannan fili, kore ta ko'ina shi kuwa fari fat, kuma na san abin da ya kamata ya fito a wurin da abin da zai yi wa gida. A shekarar ba a sauya rufin ɗakin Inna, matar Baffa, ba, aka sake tare shi da leda aka shiga damina. Ba wanda ya taɓa cewa saboda ni ne, ni ma ban taɓa buƙatar a gaya mini ba.

Har yanzu ina wannan aiki, kuma har yanzu ina ba manoma shawarar magani in ya kama, da awonsa, ba ƙari. Sai dai in na shiga gonar mutum na ga yana wani abu da ban gane ba, nakan tsuguna in tambaye shi tun yaushe yake yi, da abin da ya faru shekarar da bai yi ba. In kuma gwaji ya taso mini, a bokiti uku nake yinsa a bayan ofis, inda in ya lalace ba ɗakin kowa ne zai yi yoyo ba.